Dakaru na musamman ba su isa su riƙe daji su kaɗai ba

An daɗe ana cewa a Zamfara da an turo dakaru na musamman da manyan makamai, da tuni an gama da 'yan bindigar dajin Sububu da Kuyambana. Wannan fahimta ba daidai ba ce.

Ƙarfin dakaru na musamman yana cikin ƙarancinsu. Rukuni ne ƙarami, mai tafiya da dare a ƙafa ko kan babur, da tabarau na ganin dare, rediyo da kayan tsayar da jini. Horonsu na bin sawu ne, da kwanton ɓauna, da nuna wa jirgin yaƙi irin Super Tucano inda zai kai hari. Motar sulke kuwa, da damina fadama take kamawa, kuma ƙararta tana isa kafin ita.

Sukan kai farmaki su janye. Matsalar tana farawa bayan nan: in ba a girke sojoji da 'yan sanda a ƙauyen ba, maharan sukan dawo su huce kan waɗanda suke zargi da tona asiri. Daga ranar bakin mutane ya mutu, kuma ba tare da sahihin bayani daga manoma da makiyaya ba, rundunar Fansan Yamma, mai yaƙi da 'yan bindiga a Arewa maso Yamma, lalube za ta riƙa yi cikin duhu.