Azurfar nan mai 1780 a jiki, da gaske tsohuwa ce?

Tambaya: Na tsinci kuɗin azurfa a adakar kakata, gaba hoton wata mata mai jiki, baya tsuntsu mai kai biyu, an rubuta 1780. Na yi arziki kenan?

Amsa: Ɗan dakata tukuna malam. Wannan dalar Maria Theresa ce, sarauniyar Ostiriya da ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780, tsofaffi na ce mata liyari. Tun da matar ta rasu ba a ƙara canza shekarar ba, duk wadda aka buga 1780 ake sa mata, har gobe Vienna, babban birnin Ostiriya, na bugawa, kuma daga wajen 1935 zuwa yaƙin duniya na biyu Rum da Landan da Paris da Bombay duk sun buga tasu. Sama da miliyan 300 aka buga fa.

Me ya hana su canza shekarar?

'Yan kasuwa ne. A da, a Habasha da Yaman da Sudan in an ga kamanninta ya sauya ko kaɗan ba mai karɓa, wasu har ƙirga 'yan duwatsun adon kafaɗarta suke yi kafin su yarda. Haka fatake suka riƙa shigo da ita ta Sahara har Kukawa da Kano, maƙeran farfaru kuma suka narkar da da yawa suka yi mundaye da zobba.

To nawa za ta yi?

Yawanci kuɗin azurfarta ne da ɗan ƙari. Nauyinta giram 28 da ɗigo, kashi 83.3 cikin ɗari azurfa, wato zallar kusan giram 23.4. Wadda masu tarawa ke rububi ita ce mai shekara kafin 1780, ko bugun farko na garin Günzburg, shi kuma sai gwani ke iya tantancewa, don haruffan SF ɗin da ke ƙasan hoton, alamar masu bugun na Günzburg, su ma an ci gaba da kwafa.

Ya zan gane jabu?

Ɗora ta a sikelin masu gwal, sannan kara mata maganaɗisu, in ta manne ba azurfa ba ce. Duba bakinta kuma, akwai rubutun IUSTITIA ET CLEMENTIA zagaye.

Ta yi baƙi, in goge ta da toka?

Don Allah kar ka soma. Wannan duhun masu saye ke so, kana dirzawa farashi ya faɗi. Mai huji ma da aka yi sarƙa da ita, sai dai a auna a biya ka kuɗin azurfa.