Waya ta daina jijjiga: tambayoyi da amsoshi kan canza injin a gida

Wayata ta daina jijjiga kwata-kwata. Injin jijjigar ne ya mutu?

Ba lalle ba ne, kuma kada ka taɓa noti ko ɗaya sai ka tabbatar. Sau da yawa laifin yana cikin saiti. Tsarin tattalin batir yana kashe jijjiga a wayoyin Android da dama, haka ma tsarin hana damuwa. A iPhone akwai wani makunni a ƙarƙashin Accessibility, sashen Touch, wanda idan aka kashe shi jijjiga ta tafi gaba ɗaya, har ta kira. Duba waɗannan, sannan ka kashe wayar ka kunna.

Idan shiru, gwada injin kai tsaye. A yawancin wayoyin Samsung, danna *#0*# a wurin buga lamba, allon gwaji zai fito, ka taɓa Vibration. A Xiaomi da Redmi lambar ita ce *#*#6484#*#*. Idan ta girgiza a wurin gwaji, injinka lafiyarsa ƙalau, matsalar ta manhaja ce. Idan ba ta motsa ba, ko ta yi wani ɗan kuka mai rauni, to yanzu ne za a fara maganar buɗewa.

Mene ne wannan injin, kuma duk iri ɗaya ne?

Masu gyara suna ce masa baibireta, kuma iri biyu ne. Na farko ƙaramin inji ne mai juyawa, an ɗaura masa nauyi a gefe guda. Yana juyawa sai nauyin ya rinjayi gefe, wayar ta kama rawa. Yakan zo kamar kwabo, faɗinsa milimita 8 zuwa 10, ko kuma dogo kamar ƙwayar magani, kuma yana aiki da wuta wajen bolt 3. Shi aka fi samu a wayoyi masu sauƙin kuɗi.

Na biyu ba ya juyawa. Maganaɗisu ne a kan sifirin, naɗin zaren tagulla yana tura shi gaba da baya sau ɗari da wani abu zuwa ɗari biyu a daƙiƙa. Shi ne yake ba da ɗan bugun nan mai kaifi idan kana rubutu. Taptic Engine na Apple, wanda ya shigo iPhone da 6s a 2015, daga wannan gidan yake.

Bambancin ba na ado ba ne. Na'urar da ke tuƙa injin a kan fanel, wato allon da ke ɗauke da sassan wayar a ciki, an tsara ta ne don iri guda kawai: mai juyawa yana son wuta miƙaƙƙiya, mai sifirin yana son wuta mai kai da komo. Su biyun suna iya zuwa da siffar kwabo, ido ba zai raba su ba. Saboda haka ka sayi inji da cikakkiyar lambar samfurin wayarka, wadda ke cikin saiti ko a jikin kwali, ba da sunan da ake kiranta a kasuwa kawai ba. A kasuwa irin ta Farm Centre a Kano ana samun sabo, ana kuma samun wanda aka ciro daga matacciyar waya. Na biyun ba abin rainawa ba ne, domin na asali ne, matuƙar an gwada maka shi a gabanka.

Wane kayan aiki nake bukata?

Ƙaramin sukudireba mai bakin kuros lamba 000, hantsaki, siraran robobin ɓamɓare murfi (tsohon katin waya ma yana yi), robar tsotsa, na'urar busar da gashi, sifirit mai ƙarfin kashi 90 ko sama, da gam B-7000 ko salatif mai fuska biyu na waya. Mita, wato abin auna wuta, tana da amfani ƙwarai. Ƙarfen dalma kuwa sai idan injinka na liƙi ne. Wuƙa da reza ba kayan wannan aiki ba ne.

Yaya zan buɗe bayan wayar ba tare da ɓarna ba?

Nan ne aikin yake, domin canza injin kansa minti biyar ne. Fara da rage caji ƙasa da kashi 25. Batir mai cike da wuta idan aka huda shi yana iya kamawa. Kashe wayar, ka cire tiren layi, don shi yake riƙe murfi a wayoyi da yawa.

Murfin roba mai maƙalewa ana bi da shi a hankali daga kusurwa har ya saki. Mai gam kuma, musamman na gilashi, sai an ɗumama gefunansa minti biyu zuwa uku, ya yi zafin da yatsa zai taɓa amma ba zai daɗe ba, wajen digiri 70 zuwa 80. Ja da robar tsotsa har ɗan tsagi ya buɗe, ka zura kati, ka bi gefe da shi. Kada katin ya shiga fiye da milimita 3. Idan ya cije, ƙara ɗumi da ɗigon sifirit, kada ka ƙara ƙarfi.

Wayar da ke da wurin ɗora yatsa a baya, kamar Tecno da Infinix da Redmi da dama, tana iya kasancewa da siririn fileks, wato igiyar haɗi mai kama da ribbon, tsakanin murfi da fanel. Ɗaga murfin kaɗan ka leƙa kafin ka buɗe shi duka. Mutane da yawa sun shiga gyaran jijjiga sun fito da mataccen wurin yatsa.

Kana kaiwa ga fanel, cire soket ɗin batir kafin komai, da roba, ba da ƙarfe ba. Notina kuma ka jera su a kan takarda yadda suke a jikin wayar, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon noti a gajeren rami yana huda layukan fanel. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe, taɓa ƙarfen ƙofa ko famfo kafin ka taɓa fanel, saboda wutar da jiki ke tarawa.

Na buɗe. Ina injin yake, yaya ake cire shi?

Galibi yana ƙasa, kusa da ƙaramin fanel na caji, a ƙarƙashin lasifika. Haɗinsa iri uku ne. Wanda ya fi yawa a Android na zamani shi ne na taɓawa: injin yana zaune a raminsa da gam, yana da ɗigo biyu masu ruwan zinariya, wasu 'yan haƙora biyu na fanel suna danna su. Wannan babu liƙi. Ɗiga sifirit a gefensa, ka jira rabin minti, ka ɗaga shi daga ƙasa. Akwai mai soket, wanda ake ɓallewa kawai. Akwai kuma mai siraran wayoyi biyu da aka liƙa da dalma. Shi yana son ƙarfe mai siririn baki, zafi wajen digiri 320 zuwa 350, taɓawa ta daƙiƙa biyu ko uku. Idan ka daɗe, wurin liƙin zai ɗago daga fanel, ƙaramin aiki ya zama babba.

Kafin ka cire tsohon, ɗauki hotonsa. Sabon sai ya zauna a wannan fuskar daidai.

Zan iya tabbatar da tsohon ya mutu kafin in saya sabo?

Ƙwarai, kuma ya kamata. Sa mita a ma'aunin ohm, ka taɓa bakunan biyu. Lafiyayyen inji yana nuna ƙaramar lamba, 'yan gommai ko ƙasa da haka. Idan mita ta nuna babu haɗi, naɗin ya tsinke. Mai juyawa za ka iya taɓa shi da batir mai bolt 3, irin CR2032, ya girgiza nan take. Mai sifirin kuwa ƙyas ɗaya zai yi ya tsaya, kuma wannan ba alamar mutuwa ba ce, haka yake da miƙaƙƙiyar wuta.

Idan tsohon ya ci jarrabawa, duba haƙoran nan biyu. Faɗuwa tana lanƙwasa su, gumi da danshi suna sa musu tsatsa. Goge su da sifirit, ka ɗan ɗago su da bakin hantsaki. Wayar da ta daina jijjiga bayan an canza mata fanel ɗin caji, nan ne wurin fara bincike.

Na sa sabo, amma yana ƙara kamar an saki tsakuwa a gwangwani.

Bai zauna ba ne. Ko tsohon gam ya rage a ramin, ko ba a danna shi sosai ba, ko an manta ɗan soson da ke samansa. Wani lokacin noti ne bai ɗauru ba a wurin lasifika. Idan kuma jijjigar ta yi rauni ƙwarai, mai yiwuwa an ba ka ɗaya irin, ba wanda wayarka ke bukata ba. Shi ya sa ake mayar da batir a gwada kafin a shafa gam a murfi.

Na iPhone fa?

Injin ba wuya, yana ƙasan batir da 'yan notina. Hanyar isa gare shi ce matsalar. Kana bukatar sukudireba mai bakin tauraro P2 don notina biyu na ƙasa, da mai baki uku Y000 daga iPhone 7 zuwa sama. Yawancinsu ta sikirin ake buɗe su, kamar littafi, kuma fileks ɗin da ke wurin yana ɗauke da sassan da aka ɗaura wa fanel ɗin wayar ita kaɗai. Idan na Touch ID (mai gane yatsa) ko Face ID (mai gane fuska) ya tsinke, sayen wani a kasuwa ba zai dawo da shi ba. A iPhone 7 da 8 maɓallin gida ba ya dannuwa da gaske, injin ne yake ba ka jin dannawar, don haka idan ya mutu sai maɓallin ya zama kamar dutse.

Bayan na rufe, wayar za ta ci gaba da jure ruwa?

Kada ka dogara da hakan. Kankare tsohon gam tas, ka zizara sabo siriri, ka ɗaure wayar da robobi na wasu awanni. Wannan zai tare ƙura, amma ba kamar rufin kamfani ba ne. Garanti ma, idan da saura, buɗewa tana iya soke shi.

Yaushe zan haƙura in kai wa mai gyara?

Idan batir ya kumbura, idan ka ga farin gari ko kore a kan fanel alamar ruwa ya shiga, ko kuma sabon inji mai kyau ya ƙi motsi alhali haƙora suna taɓawa. Wannan na ƙarshe yana nufin wuta ba ta fitowa daga fanel, wato na'urar da ke tuƙa injin ko layinta ya lalace, kuma gyaransa sai da injin iska mai zafi da madubin ƙara girma.