Waiwaye: Daga Galaxian zuwa Galaga da waɗanda suka biyo bayansu

A shekarar 1978 kamfanin Taito na ƙasar Japan ya fitar da Space Invaders, wasan bidiyon da injiniya Tomohiro Nishikado ya ƙirƙira. Baƙin halittu 55 ne a sahu biyar, suna takawa dama da hagu suna saukowa sannu a hankali, ɗan wasa kuma yana ƙasa yana harbinsu. Kafin a ankara, gidajen wasa da shagunan shan kofi na Japan sun cika da waɗannan injina masu cin tsabar yen 100. Kamfanoni da yawa suka kwaikwayi wasan, suka sauya masa suna kawai.

Kamfanin Namco, ƙarƙashin Masaya Nakamura, bai tsaya a kwaikwayo ba. A 1979 ya fito da Galaxian, wanda Kazunori Sawano ya tsara. Allon Space Invaders baƙi da fari ne, leda mai launi ake manna wa gilashinsa, amma launin Galaxian daga cikin injin yake fitowa. Maƙiyan ma ba sa jira a sahu. Sukan ɓalle su kawo sura kamar shaho ya hango ɗan tsako, suna ruwan wuta. Harsashi ɗaya tak ake iya saki a lokaci guda, don haka duk wanda ya yi saurin hannu ya kuskure, sai ya jira.

Galaga ya zo a 1981, Shigeru Yokoyama ne ya jagoranci aikinsa, kuma a nan ne lamarin ya nuna. Maƙiyan suka zama ƙwari masu kama da ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi, suna shigowa fili a jere suna lanƙwasa kafin kowa ya kama wurinsa. An ba ɗan wasa damar sakin harsashi biyu. An kuma ƙara zagaye na musamman, na farko a mataki na 3, inda ƙwari 40 ke wucewa ba tare da sun yi harbi ba. Wanda ya kakkaɓe su duka yana samun ƙarin maki 10,000.

Sai dai abin da ya raba Galaga da sa'o'insa shi ne manyan ƙwarin nan huɗu da ke saman sahu, waɗanda sai an harbe su sau biyu suke faɗuwa. Ɗayansu kan sauko ya saki wani haske ya zuƙe jirginka, wato jirgin da kake harbi da shi, ya tafi da shi sama. Ka rasa rai ɗaya ke nan. Idan ka harbo ƙwaron lokacin da ya sake kawo hari, jirgin da aka kama zai dawo ya manne da naka, ka zama mai baki biyu. Idan hannunka ya kauce ka harbi jirginka, ya tafi har abada. Ko ka yi nasara ma, faɗinka ya ninka, harsashin maƙiyi ya fi saurin samunka. Gwanaye da gangan suke miƙa jirginsu a kama tun a matakan farko. A ganina wannan cinikin, na ba da rai don a sami ƙarfi, shi ne ya sa har yau wasan bai tsufa ba, domin duk sa'ad da hasken nan ya sauko sai ɗan wasa ya yanke shawara da kansa.

Gaplus na 1984, wanda aka sayar a Amurka da sunan Galaga 3, ya bar jirgi ya riƙa motsi sama da ƙasa, ya kuma juya dabarar: kai ne kake kama ƙwari su yi maka yaƙi. Ya yi sauri da wuya ainun, bai samu karɓuwar wanda ya gada ba. Galaga '88, wanda ya fito a ƙarshen 1987, shi ya fi kusa da kamo asalin, da jirgi mai baki uku da ƙwari masu rawa da kiɗa a zagayen ƙarin maki. Ni dai ina ganin ya cancanci suna fiye da wanda ya samu.

Daga nan sai aka yi ta gwaji. An kafa Galaxian3 a baje kolin Osaka na 1990, ɗaki guda da mutum 28 ke wasa tare. Galaga: Destination Earth ya fito a PlayStation a 2000, sai Galaga Legions a Xbox 360 a 2008, inda ƙwari ke cika allo maƙil. Suna da kyan gani, amma yawan wuta ya danne natsuwar da ake bukata wajen ceto jirgi guda.

Shi kuwa Galaga na 1981 bai bar kasuwa ba. Ya shiga Famicom, injin wasan gida na Nintendo, a 1985, daga nan ya bazu cikin kaset-kaset masu wasanni da yawa da ake sayarwa tare da injinan kwaikwayo masu araha, ta haka yara da dama a nan Afirka suka san shi ba tare da sun taɓa ganin injinsa na asali ba. Namco ya saka shi a farkon wasan Tekken na PlayStation don a riƙa bugawa kafin wasan ya buɗe. Da ya cika shekara 20, kamfanin ya sake ƙera injin tsaye da ya haɗa shi da wasan Ms. Pac-Man, kuma har yanzu ana cin karo da wannan injin a gidajen abinci da wuraren wasa na Amurka.