Ba ragwanta ce ke hana su buɗe baki ba

A sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a Kamaru, ko Sayam Forage a jihar Diffa, ko ƙauyukan Maraɗi da suka karɓi mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, ana duba zazzaɓi, a auna yara, a yi rigakafi. Da wuya ka ji an ce wa wani ya buɗe baki a gani. Alhali wanda ya kuɓuta daga hannun 'yan bindiga, ko Boko Haram, ko gidajen tsare baƙin haure na Libiya, sau tari a bakinsa tabon yake: haƙorin da gindin bindiga ya karya, muƙamuƙin da ya warke a karkace, dasashin da ya lalace saboda watanni babu aswaki babu abincin kirki. Ƙa'idar Istanbul, wadda aka miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1999 don binciken alamun azabtarwa, ta lissafa karya haƙori da cire shi da jona masa lantarki cikin hanyoyin gana azaba.

To me ya sa mai irin wannan ciwo yake ƙin zuwa asibiti, ko ya zo ya tashi ana tsakar aiki? Ku dubi yadda ake aikin haƙori. A kwantar da kai rigingine, a haske maka ido da fitila, wani mai rufaffiyar fuska ya tsaya a kanka da ƙarfe a hannu. Ruwa na taruwa a maƙogwaro, inji na ƙara, ga shi ba damar magana. Ni da kai sai mu daure na rabin awa. Wanda aka taɓa ɗaurewa aka tsiyaya masa ruwa a fuska, ko matar da aka danne aka toshe mata baki, jikinsu ba ya tsayawa bambance likita da wancan azzalumin. Zuciya ta hau bugawa, gumi ya karyo, wani ya fizge hannun likita, wani kuma ya sandare ƙememe. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, don sai a ɗauka haƙuri ne da shi, a ci gaba da aiki. Ba taurin kai ba ne, ba kuma iska ba ce. Tsohuwar firgita ce ta taso.

Abokan aiki masu kula da haƙori, gyaran ba ya cin kuɗi, lokaci kawai yake ci. Zuwan farko, in ba gaggawa, a zauna a kujerar zama a yi hira, ko madubin duba baki kada a ɗauko. Kada ku ce sai ya ba ku labarin abin da aka yi masa. Ba alƙalai ba ne ku. Tambaya ɗaya ta isa: "Baba, akwai abin da in na yi zai tayar maka da hankali?" Ku nuna masa kowane ƙarfe, ku faɗi aikinsa, ku kunna injin ya ji ƙararsa kafin ya kusanci bakinsa. Ku yi yarjejeniya cewa in ya ɗaga hannun hagu za a tsaya. Idan ya ɗaga kuwa a tsaya nan take, banda "saura kaɗan". Sau ɗaya aka saɓa wannan alkawari, ba za ku sake ganinsa ba. Wanda kwanciya ke firgitarwa a yi masa a kishingiɗe. Mace ta zaɓi mace in akwai, ko ta shigo da wadda ta yarda da ita. In ana buƙatar tafinta na Barbarci ko Fulatanci, kada a sa ɗan cikinta. Akwai maganar da uwa ba za ta faɗa a gaban ɗanta ba. Allurar kashe zafi kuma a jira ta kama sosai.

Idan duk da haka ya razana, ku janye hannu, ku ɗaga kujerar, ku sauke takunkumi ya ga fuskarku. Ku kira sunansa, ku gaya masa inda yake, ya taka ƙasa da ƙafafunsa. Aikin ya jira wata rana.

'Yan uwa da ke zaune da waɗanda suka sha irin wannan wuya, ku bar cewa "namiji guda kana tsoron allura". Ku raka shi, ku shaida wa ma'aikaci tun a ƙofa cewa ya sha wuya, ba sai kun zayyana ba. Ku lura da mai cizon haƙora cikin barci, ya tashi da ciwon kai da na muƙamuƙi. Damuwa na kawo haka, kuma cizon yana cinye haƙora. Wasu magungunan damuwa, irin su amitriptyline, suna busar da miyau, bushewar baki kuma tana saurin kawo ruɓewar haƙori. Mai shan su kada ya daina sha da kansa. Ya gaya wa likita, ya riƙa kurɓar ruwa, ya rage alewa da shayi mai sukari, ya goge baki safe da dare da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa.

Kanumfari na ɗan lafar da zafi amma ba ya warkar da ruɓa. Ruwan batir da ƙwayar asfirin da ake dannawa a ramin haƙori ƙona dasashi suke yi. Kumburin da ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, da zazzaɓi, ko haɗiya da numfashi suka fara wuya, wannan ba ya kwana a gida. A kai shi asibiti a ranar, ko da yana tsoro, ku tsaya kusa da shi.