Hughie Gallacher

Hughie Gallacher (1903–1957) ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne ɗan ƙasar Skotland, ɗan gaba na tsakiya da ya shahara a shekarun 1920 da 1930. An haife shi ranar 2 ga Fabrairu 1903 a Bellshill, garin masu haƙar kwal a yankin Lanarkshire, kuma shi ma tun yana ɗan shekara 15 ya shiga ramin kwal neman abinci. Tare suka taso da Alex James, wanda daga baya ya yi suna a Arsenal.

Ya fara da Queen of the South, sannan ya koma Airdrieonians a 1921, inda suka ɗauki Kofin Skotland a 1924. A Disamba 1925 Newcastle United ta Ingila ta saye shi kan fam 6,500. A shekarar ne aka sassauta dokar satar gida, sai hanya ta buɗe wa 'yan gaba, Gallacher kuwa bai yi wasa da damar ba. A kakar 1926–27, yana riƙe da kambun kyaftin, ya ci ƙwallo 36 a wasa 38 na gasar lig, Newcastle ta zama zakara. Jimilla ya ci mata 143 a wasa 174.

Gajere ne, tsawonsa bai wuce mita 1.65 ba, amma yana tashi sama ya sa kai a tsakiyar ƙartin 'yan baya, yana kuma bugu da dama da hagu. Da dabara ta gaza sai su koma duka. Akan ga ƙwaurinsa da jini bayan an tashi wasa, har ya riƙa cusa auduga a ƙarƙashin abin kare ƙwauri. Shi ma ba ya barin ta kwana, bakinsa ba ya shiru a fili, kuma rigima da alƙalin wasa ta taɓa jawo masa dakatarwar wata biyu. Wanda ya san irin dukan da yake sha kowane mako ba zai yi saurin ɗora masa duk laifin ba.

A tawagar Skotland wasa 20 ya buga, ƙwallayensa kuma sun fi wasannin yawa. Yana cikin 'yan wasan da suka lallasa Ingila da ci 5 da 1 a Wembley ranar 31 ga Maris 1928.

A 1930 Newcastle ta sayar da shi ga Chelsea kan fam 10,000 ba da son ransa ba. Ranar da ya dawo St James' Park, filin Newcastle, cikin rigar Chelsea, mutum 68,386 suka cika filin, kuma har yau ba a sake tara kamarsu a can ba. Daga Landan ya bi ta Derby County, Notts County da Grimsby Town, ya ƙare a Gateshead a 1939, lokacin da yaƙin duniya ya tsayar da gasa.

Rayuwarsa a waje da fili ta yi wuya. Shari'ar rabuwa da matarsa ta farko ta talauta shi a 1934, mata ta biyu kuma ta rasu a 1950 ta bar masa yara. A 1957 aka kai shi ƙara kan wani rikici da ɗansa a gida. Ranar 11 ga Yuni, ana gobe zai bayyana a kotu, ya shiga gaban jirgin ƙasa a Low Fell da ke Gateshead, ya rasu yana da shekara 54.