Horar da hafsoshin sojan ko-ta-kwana

Hafsan ko-ta-kwana mutum ne mai muƙamin hafsa wanda ba soja ce sana'arsa ta yau da kullum ba. Malami ne ko injiniya ko likita ko ɗalibi, sai dai yana zuwa atisaye lokaci-lokaci, kuma ana iya kiransa idan yaƙi ko bala'i ya taso. Ƙasashe na son wannan tsari saboda arha, domin ajiye hafsa a bariki shekara da shekaru yana cin kuɗi. Sai dai ranar da aka kira shi, aikin da ke jiransa shi ne dai na hafsan dindindin, kuma abokan gaba ba sa yi masa rangwame.

Tsare-tsaren horon

A Amurka mafi shahara shi ne shirin ROTC, wanda dokar tsaron ƙasa ta 1916 ta kafa, inda ɗalibi ke haɗa karatun jami'a da darasin soja har ya fito da muƙamin laftanar. Birtaniya ta kafa rundunar horar da hafsoshi a jami'o'i a 1908, kuma a yau hafsoshinta na ko-ta-kwana a makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst suke karɓar muƙami. Finland kuwa daga cikin matasan da ke aikin soja na dole take zaɓa, ta tura su makarantar da ke garin Hamina.

Ƙarancin lokaci

Wannan ce uwar matsalolin. A Sandhurst hafsan dindindin yana yin mako 44, na ko-ta-kwana kuwa kimanin mako 8 ne, kuma yana iya rarraba su kashi-kashi. Bayan samun muƙami, a Amurka atisayen da aka saba shi ne ƙarshen mako ɗaya a wata da mako biyu a shekara. A yawancin rundunonin Birtaniya mafi ƙaranci kwana 27 ne a shekara.

Harbi da karanta taswira da rubuta umarni ana iya koyar da su cikin wannan lokaci. Abin da ba ya koyuwa da gaggawa shi ne yanke shawara cikin gajiya da ruɗani, da sanin halin mutanen da kake jagoranta. Laftanar da ya ga sojojinsa ranar Asabar da safe, ya sallame su Lahadi da yamma, ba zai sake ganin su ba sai bayan wata. Kwana biyun ma ba nasa ba ne duka: akwai kiran suna, binciken kaya, gwajin lafiya da cike takardu. Ga kuma saje mai shekara ashirin a aiki da ke kallon sa, yana jiran ya ga ko ya san abin da yake yi.

Yaƙin Tekun Fasha ya fito da wannan fili. A ƙarshen 1990 Amurka ta kira birged uku na dakarun tsaron jihohi daga Jojiya da Misisifi da Luwiziyana, waɗanda a takarda aka ware don cike rundunonin dindindin. Ba ko ɗaya da ta je fagen daga. Birged ta 48 ta Jojiya ta shafe makonni tana atisaye a hamadar Kalifoniya, kuma sai a ranar 28 ga Fabrairun 1991, ranar da aka tsagaita wuta, aka tabbatar ta shirya. Raunin shugabanci na daga cikin abin da aka ɗora wa laifi, kodayake jami'an dakarun tsaron jihohin sun yi ƙorafin cewa ba a yi musu adalci ba.

Iyayengida biyu

Hafsan ko-ta-kwana yana amsa wa kwamanda, yana kuma amsa wa mai biyansa albashi. Kwasa-kwasan ƙarin girma kan faɗo daidai shekarun da mutum ke hawa a sana'arsa yana kuma renon ƙananan yara, shi ya sa da yawa suke ajiye kaki tun suna kyaftin. Dokar Amurka ta 1994 ta wajabta a mayar da ma'aikaci bakin aikinsa idan ya dawo, amma mai sana'ar kansa ba shi da wanda zai riƙe masa abokan ciniki.

Samun masu shiga ma aiki ne. A Koriya ta Kudu, inda aka fara ROTC a 1961, hafsan sojan ƙasa da ya fito daga shirin yana yin wata 28 a aiki, alhali kurtu mai aikin soja na dole wata 18 kawai yake yi, don haka masu nema suka ragu.

Kayan aiki da sabon salon yaƙi

Sabbin makamai da na'urorin sadarwa rundunar dindindin suke fara zuwa, sai mutum ya ƙware a kan rediyon da ba shi zai tarar a fagen daga ba. Jirage marasa matuƙa da yaƙin intanet suna sauyawa da saurin da manhajar horo ba ta iya bi. A nan kam wani lokaci na ko-ta-kwana ne ke gaba, domin injiniyan kwamfuta ko likitan tiyata yana zuwa da ƙwarewar da soja ba ta da halin koyarwa, in har an ajiye shi inda za ta yi amfani. Darasi ta intanet da na'urorin kwaikwayon yaƙi sun rage tafiye-tafiye, amma yawanci da dare ake yin su bayan an tashi daga aiki, kuma sau da yawa ba a lissafa su cikin kwanakin da ake biya.