Me ake nufi da "man citta", kuma ina yajinsa ya tafi?

Masu tallar kayan gyaran jiki a WhatsApp da Facebook sun cika mana kunne da "man citta", alhali abu biyu ne ke amsa wannan suna. Akwai wanda uwargida ke haɗawa a gida: ta daka busasshiyar citta, ta jiƙa a man zaitun ko man kwakwa, ta tace. Akwai kuma wanda masana ke nufi, wato man ƙamshin da ake tatsowa da tururi. A zuba niƙaƙƙiyar citta a tukunya, tururi ya ratsa ta ya kwaso ƙamshin, a sanyaya shi ya koma ruwa, sai man ya taso sama a kwashe. Ba shi da auki ko kaɗan. Busasshiyar citta kilo 100 ba ta wuce ta ba da kilo 1 zuwa 3. Saboda haka in aka miƙo maka gora guda da araha aka ce zallarsa ne, to akwai algus.

Ɗiga wannan man na tururi a hankici ka shinshina: ƙamshin citta ne tsaf. Amma yajin nan da ke sa mutum jan baki a kunun zaki ko zoɓo, babu shi. Sinadarin da ke ɗauke da yajin, jinjarol, ba ya bin tururi, a tukunya yake zama tare da dusar. Shi ne kuma idan citta ta bushe wani ɓangarensa yake rikiɗa ya koma shogawol, wanda ya fi shi zafi, shi ya sa busasshiya ta fi ɗanya cizo.

Sinadarin da ya fi yawa a man shi ne zinjibarin, sai bisabolin da 'yan uwansa, da sitiral mai ƙamshi irin na lemun tsami, wanda ya fi yawa a ɗanyar citta. Yawan kowanne ya danganta da iri da ƙasar da aka noma. Cittar Kudancin Kaduna, ta Kachia da Jaba da Kagarko, inda ake shuka irin da ake kira tafin giwa da yatsun biri, ta yi suna a kasuwar duniya wajen ƙarfin ƙamshi da yaji, ko da yake annobar da ta faɗa wa gonakin a 2023 ta yi wa manoma ɓarna ƙwarai.

A ɗakin gwaji an ga man yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, a jikin ɓeraye kuma yana rage kumburi. Amma kwanon gwaji daban, cikin ɗan Adam daban. Shaidar da ta fi ƙarfi, ta rage tashin zuciya ga masu juna biyu, a kan cittar kanta aka same ta, kamar garinta, inda jinjarol yake. Mai tallar da ke jingina wannan amfani ga kwalbar man, ya ari riga ce kawai.

Man tururin nan ba a shan sa, ba a kuma shafa zallarsa, don yana iya ƙona fata. Ɗigo biyu ko uku a cokalin man kwakwa sun isa tausa. A ajiye shi a kwalba mai duhu, a rufe gam, domin iska da rana suna lalata shi.